Ɗinkin da Ardella Ta Farke

Ardella Grey Otter ba ta da fara'a, kuma ba ta taɓa roƙon kowa ya ce tana da ita ba. Duk wanda ya zauna a Lodge Grass ya san gidanta, na ƙarshe kafin gadar rafi, mai babbar taga da ke kallon gabas. A bakin tagar nan take wuni da allura biyu da faranti cike da ƙananan duwatsun ado, tana ɗinka su a kan fata. Idan rana ta juya ta bar tagar, ita ma ta ajiye allura. Shekararta saba'in da ɗaya a lokacin da rigimar kube ta taso.

Kakarta ce ta raine ta, a gidan katako mai ɗaki biyu. Tana shekara bakwai tsohuwar ta damƙa mata basilla da jijiyar bayan barewa, ta ce ta tauna ta har ta yi laushi ta murza ta a cinya ta zama zare. Idan layi ya karkace, tsohuwar ba ta faɗa, sai ta sa wuƙa ta farke ta miƙo mata. Daga nan aka kai ta makarantar kwana ta 'yan coci, inda aka riƙa dukan bayan hannunta da rula don ta yi harshen ƙabilarmu ta Apsáalooke, harshen da aka haife ta a cikinsa. Ta fito ta auri Leland, mai hawan dawakin da ba a hora ba a filin wasa. Doki bai kashe shi ba, mota ce ta kife da shi a hanyar Hardin, ya bar ta da ɗa ɗaya, Dwight. Ta yi shekara tara tana dafa wa 'yan makaranta abinci. Sannan wani Bature mai kantin tsofaffin kaya a Billings, Halvorsen, ya ga jakar da ta ɗinka, ya ɗauke ta aiki.

Shekara goma sha tara ta yi masa. Yakan kawo mata takalman fata da jakunkuna da kube na bindiga waɗanda suka haura shekara ɗari, sun zube sun yage. Ita kuma ta cike gurbin da jijiya da tsofaffin duwatsu, ta shafa kitse da toka, ta turara da ruɓaɓɓen itace, har ita kanta sai ta laluba kafin ta gane inda hannunta ya bi. Bayan wata biyu sai ta ga hoton abin a littafin gwanjo, an rubuta a ƙasa: ba a san wadda ta yi ba, ba a taɓa gyara shi ba. A can ta san halin masu tara kayan da. Suna son datti, suna son tsatsa, suna son cin asu. Wanda ya goge tsohuwar bindiga ta yi ƙyalli, a wurinsu gara ya yi kisan kai. Kuma sun fi son a ce mai ɗinkin ta mutu tuntuni ba ta bar suna ba. Ranar da Halvorsen ya kawo mata abin goyon jariri ya ce ta kwashe duwatsunsa ta cike wata riga da su, ta soka basillarta a teburinsa ta fita. Ba ta koma ko ɗaukar tabaraunta ba.

To a danginsu akwai bindiga da kubenta. Doguwar bindiga ce mai ɗurin baki, irin ta albarushi, nauyinta kamar taɓarya, an jera ƙusoshin tagulla a gindinta. Wani kakansu ya musanya ta da fatun ɓauna a wurin fatake tun kafin Turawa su killace mutanenmu a wannan yanki. Kuben kuwa uwar kakar Ardella ce ta ɗinka wa wanta, sunanta Jar Tsuntsuwa. Fatar barewa ce, da duwatsu a baki da gindi, dogayen kusurwoyi masu ruwan hoda a kan shuɗi mai haske, kowanne an zagaye shi da farin layi, ga jan mulufi a tsakani, ga geza mai tsawon kamu biyu. Tun daga lokacin abin yake bin hanya ɗaya, daga kawu zuwa ɗan 'yar'uwarsa. Orville, yayan Ardella, daga hannun kawunsu ya karɓa. Bayansa kuma na Dwight ne. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ba wanda bai sani ba.

Wata safiya a farkon Yuli, Corliss matar Orville ta shigo da soyayyen burodi a kwano. A wurinmu idan mace ta girma ba ta hira da ɗan'uwanta namiji, ba ta zama da shi su biyu, ba ta yi masa musu. Girmamawa ce. Ardella da Orville sun haura shekara hamsin duk maganar da ke tsakaninsu ta bakin wani take bi, kuma mafi yawa ta bakin Corliss.

“Kin sha kofi?” in ji Corliss.

“Faɗi abin da ya kawo ki. Ba kya ɗauko burodi sai da magana a ƙarƙashinsa.”

“Yayanki ya ce in gaya miki zai sayar da bindigar.”

“Wace bindiga?”

“Haba Ardella, guda nawa ce? Da kuben duka. Akwai wani likitan haƙori daga Cody, Dakta Lindqvist, ya yi ritaya, ɗaki guda gare shi na irin waɗannan kaya. Zai zo karɓa lokacin babban taronmu na shekara, a Agusta.”

Ardella ta cire tabarau ta ajiye a kan faranti.

“Na Dwight ne.”

“Dwight bai taɓa tambaya ba. Sau biyu ana fasa mana gida, kin sani. Yayanki ya ce gara ya san inda abin yake da a wayi gari wasu 'yan ƙwaya sun kwashe shi. Ga rufin ɗaki yana yoyo. Likitan kuma mutumin kirki ne, in kin ga yadda yake girmama shi, sarki yake ce masa.”

“Sarkin me? Sarkin kujerar gaban talabijin?”

“Ni dai 'yar aike ce.”

“Bai taɓa tambaya ba! Yaushe aka fara tambayar kawu abin da ke hannunsa? Jira ake yi. Shekara arba'in da biyar yaron nan yana jira da ladabi, shi ne ladabinsa ya zama laifi?”

Corliss ta kwashe kwanonta ta bar burodin a kan takarda. A bakin ƙofa ta ƙara da cewa likitan ya roƙi kada kowa ya taɓa kuben, ko ƙura kada a kaɗe, don a cewarsa bai taɓa ganin wanda ya tsira ba gyara kamarsa ba.

Kwana uku Ardella ba ta zura allura ba. Ba ta da ikon zuwa ta tsaya gaban yayanta ta ce a'a. Dwight ma ba shi da bakin yi wa kawunsa magana. Ba kotu, ba takarda. Ta san ɗakin da abin zai shiga, ta ga irinsa da yawa: gilashi, fitila, ƙaramin kati. Daga nan likita ya mutu, 'ya'yansa su kai gwanjo, abin ya wuce wata ƙasa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne a katin nan ba za a rubuta Jar Tsuntsuwa ba, domin ba wanda zai tambaya.

Rana ta huɗu Verlie ta zo. Taubashiyarta ce, ubanninsu 'yan zuri'a ɗaya ne, don haka tana da damar gaya mata duk abin da ta ga dama.

“Ke tsohuwar guzuma, an ce kin daina cin abinci saboda wata ruɓaɓɓiyar fata.”

“Fita mini daga gida, mai bakin kwaɗo.”

“Ina zan je, ban ci burodin Corliss ba? Ni mamaki ma kike ba ni. Ke da kika shekara goma sha tara kina yi wa Bature ƙarya da allura, kina gyara kayan kakannin mutane ana lodawa a mota, yau da aka zo kan naki ne kika san da zafi?”

Gaskiya ce, kuma Ardella ta daɗe tana gaya wa kanta haka.

Verlie ta gutsuri burodi ta ce, “Da ni ce, wallahi sabulu zan samu in wanke shi tas, in shanya a waya. In ga ƙaryar likita. Ai mutanen nan in abu ya yi tsabta gudu suke yi.”

Ta yi dariyarta ta tafi. Ardella ta daɗe tana kallon farantinta.

Washegari ta aika wa Corliss. “Ki gaya wa Yaya na ji, ban ce komai ba. Amma kayan gidan uwarmu ba zai fita duniya da tsumma ba, a ce ba mu da mata a dangi. Ya ba ni in duba shi kafin ya tafi.”

Orville bai yi gardama ba. Ba a hana 'yar'uwa abin da ta roƙa, balle abin da za ta yi don mutuncin ɗan'uwanta. Gargaɗin likita bai dame shi ba, don ya san aikin da ƙanwarsa ta yi a Billings. A tunaninsa za ta cike inda ya zube da ɗinkin nan nata da ido ba ya gani, likita ya ƙara jin daɗi. Da yamma Corliss ta kawo kuben a naɗe cikin bargo. Bindigar tana can ƙarƙashin gadon Orville.

Ardella ta shimfiɗa shi a teburin bakin taga. Rabonta da ganinsa kusa haka tun tana budurwa. Fatar ta yi baƙi da hayaƙi da gumin doki. Asu ya cinye rabin mulufin. A bakin kuben layi bakwai sun zube. Ta san abin da ke gabanta sarai. Idan gurbin kawai ta cike da sababbin duwatsu, kowace mai allura za ta tsince su cikin awa biyu, likita ya ɗauki kayansa. Ita da kanta ta sha tsince irin wannan gyara wa Halvorsen. In dai ana so abin ya fita daga ransu har abada, sai an farke tsohon ɗinkin duka, layi bayan layi, har ba sauran jijiyar Jar Tsuntsuwa ko ɗaya a jikin fatar.

Ta shiga mota ta je Hardin ta sayo zaren roba, da sababbin duwatsu masu ƙyalli irin waɗanda 'yan mata ke yin 'yan kunne da su, da yadin jan ulu. Ta dawo ta ɗauki ƙaramar wuƙarta.

Layin farko ya fi ba ta wuya. Jijiyar ta bushe amma ba ta saki ba, shekara ɗari da arba'in tana riƙe. Jar Tsuntsuwa ba ta da tabarau, ba ta da tebur, a cikin tantin fata ta yi wannan aiki, a shekarun da ɓauna ta ƙare mutane na binne 'ya'yansu saboda yunwa, kuma duk bayan dutse biyu sai ta kama da ɗinki, ba ta tsallake ko sau ɗaya ba. Ardella ta sa bakin wuƙa ta ɗaga. Duwatsun suka gangara cikin faranti. Ta zagi Orville. Ta zagi likitan da ba ta taɓa gani ba, ta zagi Halvorsen da ke kabari, ta zagi kanta. Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da yanka.

A kwana na biyu ta tarar da wani wuri a gindin kuben inda Jar Tsuntsuwa ta yi kuskuren ƙidaya, kusurwa ɗaya ta fi 'yar'uwarta faɗi da dutse uku, ta ɓoye shi da wayo ta hanyar matse farin layin. Ba wanda ya taɓa lura, sai wadda ta zo farkewa. Ardella ta tsaya a kan wurin har kofinta ya huce. Daga ita sai matar nan suka san da shi. Sannan ta yanke shi kamar sauran.

Ta zuba tsofaffin duwatsu da sababbi a kwano ɗaya, kowane launi da nasa, ta gauraya su da yatsa yadda ba mai iya raba su. Ta goge fatar da farar ƙasa har ta koma fari fat. Ta cire mulufin ta sa sabo. Ta yanko sabuwar geza daga fatar da ta jeme da hannunta. Zanen kuwa ba ta canza masa komai ba, ta mayar da kowace kusurwa mazauninta, allura ɗaya na ɗauke da duwatsu, ɗaya na bi tana kamawa. Mako biyar ta yi. Yatsunta suka kumbura har zobe ya ƙi fita. Da ta gama, kuben ya fito kamar ranar da aka fara miƙa shi, yana ɗaukar ido. Bai taɓa yin kyau haka ba a rayuwar duk wanda ke raye, kuma a kasuwar su likita bai kai kuɗin tayar mota ba.

Taron Agusta ya zo, aka kafa tantuna a bakin kogi ƙarƙashin itatuwa, kowane dangi da rumfarsa ta ganye. Ranar Juma'a bayan jerin dawaki na safe, dangi sun cika rumfar Orville ana cin busasshen nama da miya, sai Ardella ta kira mai shela ta ba shi taba da abin goro. Tsohon ya miƙe ya ɗaga murya, ya ce jama'a su saurara, ga 'yar'uwa ta yi wa ɗan'uwanta aiki, ta raya abin da uwar kakarsu ta ɗinka, ga shi tana ba shi tare da bargo biyu don ta nuna yadda take ganin girmansa.

Aka ajiye a gaban Orville. Ya buɗe bargon. Mata suka yi guɗa, tsofaffi suka matso suna shafa duwatsun suna yabon hannun. Orville ya daɗe kansa a sunkuye. Ya ɗaga geza, ya juya bakin kuben, ya ga zaren roba fari ƙal, ba a ko yi ƙoƙarin ɓoye shi ba. Jijiyar wuyansa ta tashi. Amma kyautar 'yar'uwa ce a gaban jama'a, ba a ƙi, ba a kushe.

“Aho,” ya ce. Godiyar ke nan, bai ƙara ba.

Likita ya iso ranar Asabar da hantsi, da farar hular kaboyi da dogon akwati mai laushin ciki wanda ya sa aka ƙera don kayan. Ya riƙe hannun Orville da hannu biyu, sarki kaza, sarki kaza. Ya sa farar safar hannu. Corliss ta fito da bindigar, sannan ta fito da kuben. Ardella na zaune a kujerarta a gefen rumfa, Verlie na kusa da ita.

Mutumin ya tsaya kamar an dasa shi. Ya ciro wata 'yar tocila mai shuɗin haske, irin wadda ke tona sabon zare, ya kara a inuwa, zaren roban ya haska daga baki har gindi.

“Wa ya yi wannan ɓarna?”

“Ni ce,” in ji Ardella.

“Baiwar Allah, kin san abin da kika hallaka? Irinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba a duniya. Na roƙa, na ce kada a taɓa!”

“Ni ba ka roƙe ni ba. Ba ka ma san da ni ba.”

“Wannan tarihi ne. Ba naki ba ne ke kaɗai, na kowa ne.”

“Na kowa ne, shi ya sa za ka kulle shi a ɗakinka? To mai tarihi, wa ya ɗinka shi?”

“Ba wanda zai iya sanin wannan.”

“Sau nawa ka zo gidan yayana?”

“Sau huɗu.”

“Sau huɗu ka sha kofinsu, ka auna fata da rula, ka ɗauki hoto. Ka taɓa buɗe baki ka ce wa ya yi? Duk wanda ke rumfar nan ya san sunanta, har waccan mai goyo.”

Verlie ta ce, “Likita, haƙoran da ka ciro daga bakin mutane, su ma ka jera su a gilashi ne?”

Aka kwashe da dariya. Fuskar mutumin ta yi ja. Ya ce shi shekara talatin yana ceton irin waɗannan kaya daga hannun waɗanda ba su san darajarsu ba, ya ce yana da kube uku na mutanenmu a gida, ba wanda allura ta taɓa tun ƙarni na sha tara, ɗaya ma daga kantin marigayi Halvorsen ya saya.

“Mai kore da rawaya?” in ji Ardella. “Mai ƙunar wuta kusa da baki?”

Likita ya kashe tocilarsa.

“In ka koma gida ka gaishe shi. Rabinsa ni na ɗinka, ƙunar ma ni na yi da bakin cokali. Tocilarka ba ta ganin jijiya.”

Likita ya cire safar hannu a hankali. Ya juya ga Orville ya ce kuben kam ba ya so ko kyauta, amma bindigar in ana sayarwa ita kaɗai zai ɗauka.

A nan lissafin Ardella ya kuskure. Ta ɗauka ba ɗan Apsáalooke da zai raba bindiga da kubenta bayan sun shekara ɗari da arba'in tare. Orville bai dubi inda take ba. Ya dubi matarsa.

“Corliss, gaya wa ƙanwata na ga aikinta, na gode ƙwarai. Miƙa wa likita bindigar.”

Aka sa ta a akwatin, gefen da aka tanada wa kube ya tafi wayam. Ardella ta bi motar da ido har ta hau titi. Ranta ya ɓaci, amma ta gaya wa kanta ta tsira da rabi, kuma rabin da mace ta yi. Orville ba shi da wanda zai sayar wa. Ko ya so ko bai so ba, wata rana kuben zai shiga hannun Dwight.

Lahadi ce ranar rabon kyauta a babban fili. Dangi kan fito da barguna da yadi da dawaki su raba wa mutane don girmama wani nasu, kuma wanda aka yi dominsa ba abin da ya rage masa sai ya tsaya a gaba a yi masa waƙa. Ardella na zaune a inuwa tana fifita da kwali sai ta ji mai shela ya kira sunanta. Ya ce Orville na son duniya ta san irin ƙanwar da Allah ya ba shi, mai hannun da babu irinsa a ƙasar nan, yau zai yi rabo da sunanta.

Masu ganga suka ɗauki waƙa. Verlie ta daina dariya.

“Tashi,” ta ce a hankali. “Ana kallonki.”

Ardella ta tashi ta yafa mayafinta ta shiga fili. Ta zagaya a gaba, dangi na bin bayanta, Orville na can ƙarshe da sandarsa. Aka tsayar da ita kusa da tarin kaya. Aka kira 'yan'uwan ubansu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓi bargo ya zo ya riƙe hannunta. Tarin ya yi ƙasa, sai ga farar geza ta leƙo daga ƙarƙashin bargon ƙarshe.

Mai shela ya ce akwai baƙuwa a cikinmu da ta fi kowa nisan gida, daga Kanada ta zo, 'yar ƙabilar Siksika, ta fito. Wata mata mai kimanin shekara hamsin ta taso daga cikin jama'a tana waige-waige, ba ta san kowa a dangin ba, ba wanda ya san ta. Orville da kansa ya ɗauki kuben da hannu biyu ya ɗora mata a hannu. Fili ya ɗauki guɗa. Ba a taɓa ganin kyauta mai nauyi haka da sunan 'yar'uwa ba, tsofaffi suna ta faɗin haka. Dwight na tsaye a bayan masu ganga, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, bai motsa ba.

Abin da aka bayar a fili ba a tambayarsa, ba a biyo shi, kuma wadda aka bayar don girmanta ita ta fi kowa rashin bakin magana.

Baƙuwar ta zo gabanta, idonta ya ciko.

“Uwa, ban san me zan ce ba. Ke kika yi wannan?”

“Ni da wata.”

“Ba mu da bindigar da za ta shiga ciki. Amma 'yata na hawa a jerin dawaki a garinmu, za ta rataya shi a sirdi.”

Ardella ta riƙe hannunta kamar yadda ake yi.

“Sunan ɗayar Jar Tsuntsuwa. Maimaita in ji.”

Matar ta maimaita.

“Zaren roba ne, kada ki kai shi kusa da wuta. Je ki.”

Ta koma kujerarta. Corliss ta zo ta tsuguna a gefenta, ta ce ko akwai saƙon da za ta kai wa yayanta.

“Ki ce masa na ga girman da ya yi mini,” in ji Ardella. “Ki ce na gode ƙwarai.”

Ranar Litinin da safe aka fara kwance tantuna. Motar baƙuwar na cikin na farkon da suka fita, ta ɗauki hanyar arewa.